Zan iya cire rifilektocin bamba in sa masu fenti da kaina a gida?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da BMW baƙa 'yar Amurka, bara na saye ta. A gefen bambar gaba akwai 'yan rifilektoci ruwan lemo, ɗaya hagu ɗaya dama, a bambar baya kuma akwai jajaye guda biyu. Gaskiya suna ɓata mini kallon motar. Ga shi kwanan nan wani mai keke Napep ya goge ni a Kwangila, na baya na hannun dama ya tsage. Na ga a intanet masu irin motar suna cire su, su sa waɗanda aka yi wa fenti kalar mota. Zan iya yin wannan da kaina a gida da fentin gwangwani? Kuma akwai matsala da jami'an hanya?" Daga wani mai karatu, Samaru.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya tsare gaba, ya sa alheri a motar. In na fahimce ka, so kake motar ta zama baƙa ƙirin daga gaba har baya, babu ɗigon lemo babu ɗigon ja, kuma kana son sanin ko hannunka zai iya aikin, da ko za a tare ka a hanya saboda shi. Hannunka zai iya, aikin ba ya cikin masu wuya. Amma akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce ta fi damuna: wane aiki waɗannan 'yan robobin suke yi, kuma me zai faru ranar da ka buƙace su alhali ka rufe musu ido da fenti?

Sama da shekara 20 ke nan ina fentin mota a Zariya, tun ina yaron gareji a Sabon Gari, aikina goga samfefa da wanke bindigar feshi. Matsayata ita ce, na gaba masu ruwan lemo ba zan hana ka ba in ka nace. Jajayen baya kuwa ban yarda ka taɓa su ba, wanda ya tsagen ma so nake ka sauya shi da sabo kafin ka sake hawa babbar hanya da dare. Bari in faɗi dalili, don ba na son ka bi maganata a makance.

Me ke cikin wannan 'yar robar

Mutane da yawa ɗauka suke jar roba ce kawai aka liƙa don ado. Ka kai idonka kusa da wanda ya tsage ɗin, za ka ga cikinsa kamar saƙar zuma. Kowane ɗan gida a cikin saƙar nan kusurwa ce mai bango uku, irin kusurwar ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. In yaro ya jefa ƙwallon roba cikin irin wannan kusurwa, za ta bugi nan ta bugi can, ta dawo ta hanyar da ta zo. Haka haske yake yi a ciki. Duk ta inda ya shigo, ta nan zai koma. Madubi ba ya yin haka, shi karkatar da haske yake ya aika wani gefen. Farin bango kuma watsa shi yake ko'ina, ɗan kaɗan ne ke dawo maka. Rifilekta kuwa tattara hasken fitilar direban da ke bayanka yake ya mayar masa a fuska. Shi ya sa wanda ke tsaye a gefen titi ba ya ganin komai, direban kuma yana ganin abu kamar garwashi. Duk wanda ya taɓa haska akuya ko mage da dare ya ga ɗan'uwan wannan a idonsu. Irin wannan kusurwar ce ma 'yan sama jannatin Amurka suka ajiye a kan wata a 1969, har yau masana na harba mata haske daga ƙasa yana dawo musu.

Abu biyu ne ke kashe shi. Na farko, a toshe fuskarsa. Fentin mota an yi shi ne don ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, to da zarar ka fesa, haske ba zai shiga ba balle ya dawo. Abin da aka yi wa fenti ya tashi daga rifilekta, ya zama murfin rami. Waɗanda ka gani a intanet ma haka suke, su kansu masu sayarwar da yawa sukan rubuta cewa na ado ne. Na biyu, ruwa ya shiga bayansa. Kusurwoyin nan suna aiki ne saboda akwai iska a bayansu, an kuma liƙe bayan da wata roba don kada komai ya shiga. Idan ya tsage, ruwan sama da na wankin mota da ƙura su cika wurin, sai hasken ya riƙa zarcewa maimakon ya dawo. Da rana za ka gan shi ja kamar lafiyarsa lau, da dare kuma ya dushe. Naka na dama yana kan wannan hanyar.

Lissafin da direban bayanka yake ciki

Da fitilunka na aiki, babu wanda zai tuna da rifilekta. Ranarsa ita ce ranar da batir ya mutu, ko altaneta ta daina caji, ko fiyus ya ƙone, ka tsaya a gefen hanya babu danja babu hazad. Ko ranar da ka yi fakin a bakin titi a Tudun Wada ka shiga gidan biki, ga babu wutar titi. Ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar waya, da hasken wani yake aiki.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane me ya gani, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi, wato ya ci mita 40 da wani abu bai fara tsayawa ba. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, zai ci mita 50 da 'yan kai. Ka haɗa, ka ga ana maganar kusan mita 100. Fitilar gaba kuwa in tana kan dim, abin da take haskawa sosai bai cika wuce mita 50 zuwa 60 ba. Kenan in baƙar mota ce tsaye babu abin da ke ƙyalli a jikinta, lokacin da zai gan ta ya riga ya makara. Rifilekta mai lafiya ana hango shi tun daga nesa da inda hasken dim ya ƙare, domin ɗan hasken da ya isa gare shi ba ya ɓata, dawowa yake. Wannan tazarar ce ke ba mutum damar kaucewa. Yanzu ka ƙara hazon hunturu a kai, ka ƙara tirelar da ke tahowa ta kashe masa ido da ful, ka ƙara gilashin gaba da ya sha ƙura, ka ƙara motocin haya da fitila ɗaya. Ba a hanyar Jamus kake tuƙa motar nan ba, hanyar Shika da Giwa kake bi.

Ni kaina na taɓa gani. Wata shekara da hunturu na taso daga Kano bayan isha, na je sayen kayan fenti, ina tuƙa wata tsohuwar Golf. Mun wuce Tashar Yari kaɗan, wata babbar mota ta taho da fitilu kamar rana, na rage gudu ina kallon gefen kwalta. Sai na hango ɗigo biyu jajaye can ƙasa-ƙasa, ba sa motsi. Na ɗauke kan mota. Da na zo daidai wurin, ƙaramar mota ce mai duhun kala, rabinta a kan titi, an buɗe bonet, mutum biyu na haska injin da waya, mata da yara na zaune a ciki. Babu danja, babu alamar kusurwa uku, ko ganyen da aka saba zubawa ba su kai ga sawa ba. Jikin motar ban gan shi ba sai da na zo gab da ita. Tun daga ranar na kafa doka a garejina, duk yaron da ya fesa bamba bai cire rifilekta ko ya rufe shi da abro ba, wato tef ɗin takarda da muke kare wuri da shi daga fenti, shi zai sayi sabo. Kuma wannan laifin namu ne masu fenti, ba sai mai mota ya nema ba. Ƙyuyar rufewa ce kawai take sa a bi ta kansa da fenti. Ka lura da motocin haya a Kwangila ko PZ, za ka ga da yawa an shafe nasu.

Na gaba da na baya ba matsayinsu ɗaya ba

Dalilin da ya sa motarka ke da na ruwan lemo a gefen bamba shi ne dokar Amurka. Tun wajen 1968 suka wajabta alama a gefen mota, daga 1970 kuma aka ce sai an haɗa fitila da rifilekta, ruwan lemo a gaba, ja a baya. Ƙa'idar Turai ba ta wajabta na gefe a kan ƙananan motoci ba, sai abin da tsawonsa ya wuce mita 6 da tireloli. Shi ya sa za ka ga irin motarka sak 'yar Baljiyam, bambarta sumul babu wannan ɗigon lemon. To in ka rufe na gaba, ka mayar da motar matsayin da 'yar'uwarta ta Turai ta fito da shi daga kamfani. Ba wai ba ka rasa komai ba. Amfaninsu yana fitowa lokacin da wani ya taho ta gefenka, kamar kana fitowa daga lungu za ka hau titin Sakkwato da dare, ko ka yi fakin a kusurwa. Da motata ce, baƙa kuma, bari zan yi. Amma asara ce da mutum zai iya ɗauka da saninsa.

Jajayen baya kuwa Amurka da Turai duk sun haɗu a kansu, babu motar da ke fitowa daga kamfani ba tare da su ba. Abin da ke rikitar da mutane shi ne wurin da ake sa su. A wasu motocin suna cikin gilashin danja, a wasu suna bamba, wasu kuma suna da duka biyun. A manyan motoci masu tudu irin su CR-V, da danjarsu ke can sama, ana sauko da su bamba saboda ƙa'idar Turai ta fi son su kasance tsakanin santimita 25 da 90 daga ƙasa. Kuma akwai hikima a nan, hasken dim ƙasa yake kallo, abin da ke ƙasa shi yake fara samu.

Ga gwajin da zai nuna maka gaskiyar motarka, ba sai ka tambayi kowa ba. Da dare ka kashe komai na motar, ka ja baya taku 30, ka kunna tocilan ɗin waya ka riƙe ta a gefen idonka, jikin kunci. Dole ta kasance kusa da ido, in ka riƙe ta a ƙugu ba za ka ga komai ba, tunda hasken wurin da ya fito yake komawa. Duk abin da ya yi ja kamar garwashi, shi ne mai gadinka. Ka kwatanta na hagu da na daman da ya tsage, za ka ga bambanci. Idan na bamba ne kaɗai suka haska, magana ta ƙare. Idan akwai wasu a cikin danja, to na bamba ƙari ne, amma ko a haka ba zan ba ka shawarar rufe su ba, saboda su ne na ƙasa, kuma gilashin danjar tsofaffin motoci yakan dushe da rana. Kada garin neman gira a rasa ido.

Dabarun tsaka-tsaki da ake kawo mini

Wanda samari suka fi tambaya shi ne a yi masa hayaƙi, wato a fesa baƙi mai shara-shara ko a liƙa leda mai duhu, ya yi duhu da rana amma wai yana aiki da dare. Matsalar ita ce hasken sau biyu yake ratsa duhun, da shiga da fita. In abin da ka shafa yana barin rabin haske ya wuce, rabi ne zai shiga, rabin rabin ne zai fito, ka koma kashi ɗaya cikin huɗu. In kuwa kashi ɗaya cikin uku yake bari, abin da zai dawo kashi ɗaya cikin tara ne. Kuma duhun da zai sa ja ya ɓace a jikin baƙar mota ya fi haka. Don haka ko dai ya yi duhun da kake so ya mutu, ko ya rayu ja ɗin na nan.

Akwai masu fitilar LED da ake sayarwa a madadin na bamba, suna kamawa da birki da sigina. Suna da kyau a ido, amma da yawansu babu saƙar zumar a ciki, in batir ya mutu sun mutu tare. Ga yanke waya da rewaya zai yi, motocin Jamus kuma ba sa son a taɓa musu waya, nan da nan kwamfutar za ta fara kawo ƙorafi a dashbod. In za ka sayi irinsu, yi musu gwajin tocilan tun a shago. Akwai kuma wata baƙar leda mai ƙyalli, da rana baƙa da dare ta haska, to amma fari-fari take haskawa, fari kuwa a idon direba gaban mota yake nufi. A baya ja ake so.

In ja ɗin ne ya tsone maka ido, abin da nake yi wa kwastomomina shi ne in sa sabo mai tsabta, in gyara baƙin da ke kewaye da shi. Yawanci abin da ke muni tsohon rifilekta ne da ya koɗe ya yi fari-fari. Sabo a jikin baƙar mota mai sheƙi ba ya muni ko kaɗan. Wajen saye ka duba fuskarsa, na kirki yana da rubutu a jiki, ko harafin E cikin da'ira da lamba, ko DOT da SAE, alamun cika ƙa'idar Turai ko ta Amurka ke nan. Ka tafi da tsohon a hannu don hagu da dama ba ɗaya ba ne. Ka fara da masu kayan gyara na Sabon Gari, in babu sukan sa a kawo daga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Na Baljiyam da aka ciro daga wata mota, in bai tsage ba, ya fi sabon da babu rubutu.

In ka yanke shawarar yi wa na gaba fenti

Shawarar farko, kada ka fesa wa naka na asali. Ka nemo wasu biyu, ko tsofaffi ne ko sun koɗe, tunda rufe su za ka yi. Na asalin ka naɗe a tsumma ka ajiye. Sannan ka tabbata abin da ke bambar rifilekta ne zalla. A wasu motocin 'yan Amurka, kamar Marsandi C300, akwai ƙwan fitila da waya a bayansa. In ka ga waya, to fitila ce, ita kuma ba a rufe ta da fenti.

Wajen cirewa ne aka fi yin ɓarna. Kada ka zura sukundireba ta waje ka ɓanɓara, za ka ci fentin bamba, ƙaramin aiki ya zama babba. Ta baya ake zuwa masa. Ka karya sitiyari gefe guda har ƙarshe, ka kwance 'yan kusoshin da ke riƙe baƙar robar da ke cikin madigad, yawanci sifana mai lamba 8 ko 10 ce, ka ja robar ka zura hannu. Za ka ji ko kilif ne ke riƙe da shi, ko noti, ko gam mai fuska biyu. In kilif ne ka matse ka tura waje. In gam ne, ka bar motar a rana ta ɗan yi zafi, ko ka hura masa handirayar uwargida, sannan ka tura a hankali da babban yatsa. Kafin ka fara, ka zagaye wurin da abro ta waje. Kuma kada ka yi wannan da sanyin asubar hunturu, roba takan yi tauri ta karye kamar ƙashi.

Ka wanke wanda za ka fesa da ruwa da sabulun wanke-wanke. Kada tina ko fetur su taɓa shi, irin robar nan tsattsagewa take in ta ji su, kuma tsagar za ta fito ta cikin fenti daga baya. Sai samfefa. Rubutun da na ce ka duba wajen saye yakan ɗan taso a fuskar, in ba ka goge shi ya kwanta ba, bayan fenti za ka ga DOT ɗinka ɓaro-ɓaro, baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Ka fara da mai lamba 400 da ruwa, ka naɗe ta a ɗan katako don fuskar ta tafi daidai, sannan 600, har sheƙin ya tafi gaba ɗaya har gefe-gefe. Ka busar, ka liƙa shi a kan ɗan kwali ko sanda da abro, don kada ka riƙe da hannu. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa fenti ya yi idon kifi, wato 'yan ramuka a fuskarsa.

Daga nan sai firaimar roba, wadda ake fesawa shara-shara don fenti ya kama roba. Wannan ita ce mutane ke tsallakewa, shi ya sa bayan wata biyu mai wankin mota ya sa ruwan inji fentin ya tashi kamar ɓawon albasa. Bayanta firaima ta gama-gari hawa biyu, in ta bushe ka shafe ta da 800 da ruwa, a hankali.

Kala ita ce inda za ka fi shan wuya. Baƙi ba ɗaya ba ne. A BMW kaɗai akwai baƙi zalla mai lamba 668, akwai mai ƙyalƙyali a ciki mai lamba 475, in ka sa ɗaya a jikin ɗaya, da rana ta fito za a gani. Lambar kalar tana kan takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Fentin gwangwanin da ke kasuwa, wanda ake fesa wa ƙofar gida da keke, ba zai dace da ko ɗaya ba. Ga kuma ranar Zariya da ta riga ta ci kalar motar, in ma ba a taɓa sake mata fenti ba tun a Kwatano. Mu abin da muke yi, murfin tankin mai muke cirewa mu kai wa mai haɗa fenti ya haɗa a kansa. Kai ma haka za ka yi, ɗan kaɗan kake buƙata, ko rabin kofin shayi ya yi yawa. In ba ka da kwamfuresa da bindiga, ga hanya mafi sauƙi: ka yi cirewa da gugar a gida, ka kai wa mai fenti 'yan robobin da fentin da aka haɗa, ya fesa maka ranar da yake da aikin baƙi. Abin da zai karɓa bai kai kuɗin gwangwanayen da za ka saya ba.

In kuma ka dage sai ka fesa da kanka, ka girgiza gwangwani minti biyu cur, ka gwada a bayan tsohon cokali ko wata roba tukuna. Tazarar kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25. Ka fara fesawa a iska kafin ka iso kan abin, ka wuce shi kafin ka saki. Hawa uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 a tsakani. Mai gaggawa yakan so ya rufe a hawa ɗaya, sai fentin ya yi hawaye. Bayan kala sai kiliya hawa biyu, ita ce ke ba da sheƙi da kariya. Kiliyar da muke amfani da ita a gareji, mai haɗi da hadina, sinadarin da ke sa ta tauri, ta fi ta gwangwani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tururinta guba ne ga huhu, takunkumin tsumma ba ya tare shi. Kada ka fesa ta a tsakar gida yara na wasa, ko kusa da murhu. Ko ta gwangwanin ma a waje ake yi, nesa da wuta.

Yanayi kuma yana da ta cewa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka fesa, ka kife babban kwali a kai nan take. Da damina kada ka fesa ana hadari ko da sanyin safiya, kiliya takan yi hazo kamar an hura mata numfashi. Hantsi a inuwa ya fi. Ka bar su kwana ɗaya kafin ka taɓa, biyu ma ya fi. Wajen mayarwa, ka kankare tsohon gam tas, ka sa sabon gam mai fuska biyu irin na mota, ka danna na rabin minti. Kada ka sa sufa gulu, yana barin farin tabo a fenti, kuma ranar da za ka so cirewa sai ya taho da naman bamba. Wankin inji kuma ka ɗaga masa ƙafa na sati biyu.

Jami'an hanya, da ranar sayarwa

Ni mai fenti ne, ba lauya ba, kuma fassarar doka aikin masu ita ne. In kana son hukunci a kan motarka, ofishin FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ko na KASTLEA, hukumar dokokin hanya ta Jihar Kaduna, nan ne wurin tambaya. Abin da kowa ke gani dai shi ne FRSC ta matsa a kan ƙyalli, ita ce ke tilasta wa manyan motoci liƙa tef mai ƙyalli, ita ce ke tambayar alamar kusurwa uku a but. Hukumar da ta damu da wannan ba za ta yaba maka don ka shafe jajayen baya ba, ka ba jami'i dalilin tsayar da kai da hannunka. Kuma in aka buge ka ta baya da dare, aka zo sulhu, ɗayan ɓangaren zai nuna bambar ya ce ga dalili. Na gaba kuwa, a kwastomomin da na yi wa, babu wanda ya dawo ya ce mini an tare shi saboda su, tunda 'yan Baljiyam da ke yawo a gari ma ba su da su.

Sai maganar dillalai. Duk dillalin da ya san aikinsa, in ya ga rifilekta da fenti a kai, abin da zai fara kawowa shi ne an taɓa buga motar an sake fesa bamba. Ko fes bodi ce, wato da fentinta na kamfani, sai ka yi ta rantsuwa. Wannan ma dalili ne na ajiye na asalin, ranar sayarwa minti 20 ya isa ka mayar da su.

Motar taka ban gan ta ba, kuma BMW kala-kala ce, yadda aka ɗaure na wata ba haka aka ɗaure na wata ba. In ka zura hannu ka ji abin bai yi daidai da yadda na kwatanta ba, ka tsaya, kada ka ja da ƙarfi. Gugar da mai Napep ya yi maka ma tana iya karya kunnen da ke riƙe bambar ta ciki, sabon rifilekta ba zai zauna daidai ba sai an gyara wurin. Ka sa fanabita ya leƙa bayan kafin ka sayi komai, kuma kafin nan, ka liƙa ɗan jan tef mai ƙyalli irin na manyan motoci a kan wanda ya tsage.